Ɓeran da ya ce ba komai

Taubashina ɗan kabu-kabu ne a Gaya. A bazarar bara, ina gida hutun ƙarshen zango na biyu, ya sauke wata mata da buhun albasa kusa da tasha da rana tsaka, ya karɓi kuɗinsa, ya juya kan moto, sai kawai ya zube. Waɗanda suka gani sun ce jikinsa ya fara sandarewa kamar icce, sannan ya shiga fizge-fizge, haƙora a datse, kumfa na fita. Wani ya ce iska ne. Wani ya ce a sa mishi cokali a baki (don Allah kada ku taɓa yin haka, a kwantar da mutum ta gefe, a kawar da duk abin da zai ji mishi ciwo, a nemi mota). Abokan aikinsa kuwa babu wanda ya ce uffan, don sun san abin da ke aljihunsa. Aka kai shi gidan likita, majo ya yi mishi allurar diyazefam, jikin ya lafa. Da yamma Inna ta ce in je in ɗauko kayansa, a nan na ci karo da katin ƙwaya mai gurbi goma, bakwai babu komai a ciki. A bayan katin an buga 225 da jan rubutu.

Da na koma Yamai, a wani darasi kan aikin jijiyoyi, malaminmu ya nuna muna wani tsohon bidiyo. Farin ɓera ne a cikin wani kwano mai zurfi, yana ta kewaya kansa gefe guda, ba ya tsayawa, kamar ɗan yaro mai wasan hajijiya. Aji ya fashe da dariya. Ni kam ban yi ba, don taubashina ya faɗo mini a rai. Na ce to, tun da Turawa sun yi shekara da shekaru suna ɗura ma ɓeraye ƙwaya suna kallon yadda tafiyarsu ke lalacewa, mi ɓerayen nan suka faɗa game da abin da ke aljihun yaranmu? Wata biyar ina karatu a kai. Abin da na tarar ya ba ni mamaki: manyan darussan wannan fanni kusan duk daga kuskure suka fito, kuma kuskuren iri ɗaya ne. Abin da aka ɗauka yana cikin kwalba daban, abin da ke ciki daban.

Bari in fara daga tushe, amma a gurguje. A 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya rubuta ɗan littafi kan mutum shida masu karkarwar hannu, masu tafiya a duƙe da gajerun taku, waɗanda tashi daga zaune ke yi ma wuya. Wasunsu ma a kan titi ya gan su. Cutar ta ɗauki sunansa, amma sai da aka yi shekara 140 kafin a gane mi ke ɓacewa a cikin kai. Kuma dabba ce ta nuna hanya. A 1957, a garin Lund na ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson ya ba zomaye da ƙananan ɓeraye wani maganin hawan jini da ake kira rezarfin, wanda ake tatsa daga saiwar wani icce na Indiya (ɗan uwan iccen yana nan a dazukan Afirka ta Yamma, shi ma an sha tone saiwarsa ana kai wa Turai). Zomayen suka kwanta, kunnuwa a zube, ba motsi. Sai ya yi musu allurar wani sinadari mai suna dofa. Kafin rabin awa sun miƙe, kunnuwa sun tsaya, suna tsalle-tsallensu. Dofa na shiga ƙwaƙwalwa ya rikiɗa ya zama dofamin, kuma dofamin ɗin nan shi ne man da ke sa niyyar motsi ta zama motsi. A 1960 Oleh Hornykiewicz a Biyana ya auna ƙwaƙwalwar mamata masu cutar Parkinson, ya ga dofamin ɗinsu ya kusa ƙarewa. Jijiyoyin da ke yin sa suna taruwa ne a wani ɗan baƙin gurbi can ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke ce ma substansiya nigra. Idan suka mutu ba su sake tsirowa. Carlsson ya samu kyautar Nobel a 2000.

Ɓeran da ya ba ajinmu dariya, shi ma ɗan Suwidin ne. A 1968 Urban Ungerstedt na cibiyar Karolinska ya ƙirƙiro dabarar tsira siririyar allura cikin ƙwaƙwalwar ɓera, ya ɗiga wani dafi da ke kashe jijiyoyin dofamin kawai, kuma a gefe guda kawai. Idan ka kalli ɓeran bayan ya warke, ba lalle ka ga wani abu ba. Amma ka ba shi amfetamin, ƙwayar nan mai hana barci, sai gefen da ke da lafiya ya kwararo dofamin, gefen da aka kashe ya yi shiru, ɓera ya kama kewayawa wajen gefen da ya mutu. Ku tuna kwalekwale a kogin Isa idan mai tuƙi ɗaya ne ke aiki, kullum ta hannu guda. A 1970 shi da abokin aikinsa Gordon Arbuthnott suka ƙera kwanon da ke ƙidaya zagayen. Daga nan ɓarnar da ke ɓoye cikin kai ta zama lamba da za a iya rubutawa a takarda: zagaye kaza a minti. Har yau ana gwada magungunan Parkinson da wannan kwano.

A nan ya kamata in warware wani abu. Mu a Hausa duk kusu ne, ko ɓera. A ɗakin bincike kuwa iri biyu ne, kuma bambancinsu ya taɓa jawo asarar shekaru. Akwai babban ɓera, wanda a lakkwal muke ce ma rat, akwai kuma ƙarami, suri. Ku riƙe wannan.

A 1976, a jihar Maryland ta Amurka, akwai wani ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai, Barry Kidston, ɗan shekara 23. Tsaranmu ne ke nan. Ya daɗe yana shaye-shaye, sai ya ga ai da iliminsa zai iya dafa nasa. Ya samo wata takardar bincike ta 1947 da ta bayyana yadda ake haɗa wani maganin kashe zafin ciwo mai suna MPPP, dangin fetidin, wanda kamfanin da ya ƙirƙiro shi bai taɓa fitar da shi kasuwa ba. Ya kafa ɗan ɗakin gwajinsa a gida, ya yi watanni yana dafawa yana yi ma kansa allura, ba abin da ya same shi. Wata rana ya yi gaggawa, ya ƙara wuta don ya rage lokaci. Zafin ya sa wani ɓangare na haɗin ya juye ya zama wani abu daban, MPTP. A ido gari ne kamar kullum. Cikin kwana uku saurayin ya kasa magana, ya kasa motsi. Da farko likitoci sun ɗauka taɓin hankali ne. Sai da aka ba shi dofa, maganin tsofaffi masu Parkinson, sannan ya motsa.

Masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka suka je gidansu, suka kwashe kwalabensa, suka samu burbushin abin da ya dafa. Suka yi abin da kowane mai bincike zai yi, wato suka gwada a kan manyan ɓeraye. Ɓerayen ba su kamu da cutar ba. To mi za a ce? Mutum ɗaya ne, ɗan ƙwaya, ga ɓera kuma ya ce ba komai. Kidston ya mutu a 1978 bayan ya sha hodar ibilis fiye da kima. Da aka buɗe ƙwaƙwalwarsa, baƙin gurbin nan ya koɗe kamar na tsoho mai shekara saba'in da cutar. An buga labarin a 1979 a wata sabuwar mujalla da mutane kaɗan ke karantawa, ya kwanta a can.

Na daɗe ina juya wannan wuri a raina. Ba na ganin laifin masu binciken, kuma ɓeran ma bai yi ƙarya ba. An tambaye shi ko wannan abu na kashe jijiyoyin babban ɓera idan an yi mishi allura a jiki, ya ce a'a, kuma gaskiyarsa. Jikinsa na sarrafa dafin ta wata hanya da ta bambanta da tamu. Daga baya da aka zuba dafin kai tsaye cikin ƙwaƙwalwarsa, jijiyoyin sun mutu sarai. Mutane ne suka ɗauki amsar ɓera suka yafa ma ɗan Adam.

Shekara shida bayan kuskuren Kidston, a watan Yulin 1982, aka kawo wani mutum ɗan shekara 42 daga gidan kaso zuwa asibitin Santa Clara Valley da ke San Jose a Kalifoniya. A sandare yake, ido buɗe, miyau na zuba, ba ya ko ƙiftawa sosai. Wasu suka ce dabara ce ta gudun ɗauri. Likitan jijiyoyi William Langston ya lura yatsunsa na ɗan motsi, sai ya saƙa mishi fensir a hannu. A hankali, da ƙyar, mutumin ya rubuta cewa hankalinsa na nan, ya san abin da yake son faɗa, jikin ne ya ƙi. Wallahi duk cikin abin da na karanta babu inda ya tsaya mini a wuya kamar nan. Mutum na ciki, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, har da masu cewa ƙarya yake. Aka gano budurwarsa ma haka take. Aka samu wasu ƴan uwa biyu maza a wani gari kusa, a kwance cikin ɗakinsu. Duka dai aka tattara mutum bakwai da abin ya yi ma mummunan kamu. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: sun sayi wani sabon gari da dillalai ke tallatawa a matsayin hirowin na zamani. Wani mai dafawa a ɓoye ya maimaita kuskuren Kidston, shi kuma ya sayar ma jama'a. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin ƴan sanda ce ta tuna da takardar 1979. Da Langston ya je laburaren jami'ar Stanford neman takardar 1947, ya tarar wani ya riga shi, ya yanke shafukan da reza.

A farkon 1983 Langston ya buga sakamakonsa a mujallar Science. A shekarar aka gwada MPTP a kan birai, suka sandare kamar mutane. A 1984 aka ga ashe ƙaramin ɓera ma yana kamuwa, musamman wani baƙin iri da ake kiwo a ɗakunan bincike. Da a 1977 ƙaramin aka ɗauko maimakon babban, wataƙila da labarin ya canza. Cikin shekara biyu-uku aka warware yadda dafin ke aiki, kuma abin akwai ban tsoro. MPTP da kansa ba shi da wani dafi sosai. Yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa salin-alin, sai wani sinadarin jikinmu mai suna MAO-B ya juya shi ya zama MPP+. Jijiyoyin dofamin suna da ƴan ƙofofi da suke maido da dofamin ɗinsu bayan ya gama aiki. MPP+ ya yi kama da ɗan gida, sai su buɗe mishi, su tara shi a ciki, shi kuma ya je ya kashe murhun da ke ba jijiyar ƙarfi. Jiki ne ke dafa dafin, jijiya ce ke shigo da shi da hannunta. An kai biyu daga cikin mutanen nan Lund a 1989, garin zomayen Carlsson, aka dasa musu sabbin jijiyoyi a ƙwaƙwalwa, sun kuma samu sauƙi. Sauran rayuwarsu dai a kan magani suka yi ta.

Akwai wani reshe na labarin da ya shafe mu ƴan karkara, ko da ba mu taɓa ƙwaya ba. Masana sun lura surar MPP+ ta yi kama ƙwarai da farakwat, maganin kashe haki da manoma ke fesawa. Har an taɓa gwada MPP+ ɗin kansa a matsayin maganin haki. Daga nan aka fara tambayar ko magungunan gona na da hannu a cutar Parkinson. A 2000 wasu masu bincike a Atlanta suka ba manyan ɓeraye rotenon kaɗan-kaɗan na makonni, sai ga su a duƙe, tafiya ta lalace, jijiyoyin dofamin sun mutu. Rotenon da danginsa su ne dafin da ke cikin magimfa, ganyen da masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya taso. Ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS sun haramta farakwat tun 2011. Duk wanda ya san fadamun rake da shinkafa na wajenmu, ya kuma san yadda jarka ke tsallako iyaka, ya san haramci a takarda abu ne mai sauƙi. Na bar wannan a nan, don ba shi ne zancena na yau ba.

Sai ƙwayoyin da mutane ke sha da gangan, ba gurɓatattu ba. Tun farkon shekarun 1970 James Gibb a Utah da Lewis Seiden a Chicago suka nuna cewa metamfetamin mai yawa na ƙone bakin jijiyoyin dofamin a ɓeraye da birai, kuma ɓarnar na daɗewa watanni. An yi ta musu a kai, ana cewa ai abin da ake ɗura ma ɓera ya fi abin da mutum ke sha. Musun na da tushe. Amma a 2012 wani bincike kan takardun asibitocin Kalifoniya ya nuna waɗanda aka kwantar saboda metamfetamin sun fi sauran majinyata haɗarin kamuwa da Parkinson da kashi 76 cikin ɗari. A nan ɓera ya riga mutane gani da shekara arba'in. Kada wani ya ce wannan ciwon Amurka ne: hukumar NDLEA ta Najeriya ta gano ɗakin dafa metamfetamin na farko a Legas a 2011, a watan Maris na 2016 kuma ta kama wani babba a Asaba har da ƴan Meziko huɗu a ciki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan sashe shi ne zafi. Tun 1946 wani Bature, Michael Chance, ya ga cewa amfetamin da ƙaramin ɓera zai sha ya rayu idan shi kaɗai ne a keji, zai kashe shi idan an cusa su da yawa wuri ɗaya. Cunkoso, hayaniya, zafin jiki. A farkon shekarun 1990 aka tabbatar cewa babban ɓeran da aka ba metamfetamin a ɗaki mai sanyi, jijiyoyinsa na tsira sosai, wanda aka ba daidai wannan adadi a ɗaki mai ɗumi kuwa suna ƙonewa. Ƙwaya ɗaya, awo ɗaya, ɗaki ne kawai ya bambanta. Yanzu ku auna da Gaya a watan Afrilu, ma'auni ya haura 40, yaro na kan moto tun asuba, ko yana dakon buhu a bakin ruwa, bai ci ba, bai sha ruwan kirki ba. Ɗakunan da ake ajiye ɓerayen bincike ana riƙe su ne wajen 22.

Kada ku ɗauka masana sun daina tuntuɓe. A Satumbar 2002 George Ricaurte na jami'ar Johns Hopkins ya buga a Science cewa ƙwayar rawa da ake kira ekstasi, ko a dare ɗaya, na lalata jijiyoyin dofamin a birai, har biyu cikin goma sun mutu. Jaridu suka ɗauka, aka ce matasa masu zuwa gidan rawa za su tsufa da Parkinson. Bayan shekara guda ya janye takardar. Kwalbar da aka aiko ma ɗakin gwajinsa an rubuta ekstasi a jiki, amma metamfetamin ne a ciki. Babbar jami'a, babbar mujalla, kuma ba wanda ya auna garin kafin a tsira ma birai.

Na ukun shi ne ya fi kusa da gida, kuma shi ya fi ba ni dariya mai ciwo. Kun san tafashiya, wadda tsofaffinmu ke jiƙa saiwarta don zazzaɓi da ciwon ciki. A 2013 wata tawagar masana daga Grenoble ta Faransa da Kamaru, ƙarƙashin Michel De Waard, suka gwada ruwan saiwar a kan ƙananan ɓeraye, suka ga yana kashe zafin ciwo da ƙarfi. Suka bi diddigin sinadarin da ke wannan aiki, sai ga tramadol, tramol ɗinmu na tebur, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya ƙera a 1962 ya fitar kasuwa a 1977. Duniya ta ɗauka: ashe Allah ya riga Bajamushe, icce na yin tramol a dajin Afirka! A 2014 wasu masana daga Dortmund, ƙarƙashin Michael Spiteller, suka koma arewacin Kamaru. Suka samu tramol a saiwar tafashiya, amma suka same shi kuma a saiwar wasu itatuwan da ba dangi ba, da cikin ƙasa, da cikin ruwa. A kudancin ƙasar kuwa tafashiya ba ta da ko ɗigo. Da suka tambayi mutanen wurin, sai aka ce musu ai manoma na sha don su jure aiki, suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji. Shanu na fitsari a inuwar icce, saiwa na tsotsa. Tawagar farko ta yi gardama, amma awon da aka yi daga baya ya nuna tramol ɗin na masana'anta ne. Wato mun sha ƙwayar nan, mun ba dabbobinmu, har ƙasa ta ƙoshi ta fara maido muna da ita ta saiwar magani.

To mi ɓera ya ce game da tramol kansa? A nan dole in yi adalci, don ba na son in tsorata kowa da abin da ba haka ba. Tramol ba MPTP ba ne. Magani ne na gaskiya, mai amfani ga wanda aka yi ma aiki ko mai ciwon daji. Abin da aka tabbatar a kansa, a ɓera da mutum duka, shi ne farfaɗiya idan ya yi yawa. Yana aiki ta hanya biyu: yana kama inda su morfin ke kamawa, yana kuma tara wasu sinadaran jijiya biyu, serotonin da noradrenalin. Shi ya sa mai shan sa ke jin ciwo ya tafi kuma ƙarfi ya zo, shi ya sa ya zama ƙwayar leburori. Gwajin ɓeraye ya nuna cewa naloksan, allurar da ke farfaɗo da numfashin wanda irin su morfin suka danne, ba ta tsayar da fizge-fizgen tramol, diyazefam ne ke tsayar da shi. Allurar da majo ya yi ma taubashina ke nan. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Ta tebur 120 ce, 200, 225, har 250. Biyu daga katin taubashina sun riga sun haure iyaka.

Hanyar da take biyowa kuwa, ɗan Gaya ba ya bukatar a zana mishi taswira. Daga masana'antun Indiya zuwa tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome, daga nan titi ya miƙe arewa har Malanbil, ga gada, ga mu. Kamba kuma na nan gabas, tafiyar ɗan lokaci a moto. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce a 2016 kashi 87 cikin ɗari na irin waɗannan magunguna da aka kama a duniya, a yammaci da tsakiya da arewacin Afirka aka kama su, kuma tramol ne mafi yawa. A Afrilun 2018 Indiya ta sa tramol cikin jerin magungunan da doka ta tsaurara. Kasuwa ba ta mutu ba, riga ta canza. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna ana cika titunan Najeriya da Gana da Kodebuwa da wasu ƙwayoyi masu haɗin tafentadol da karisofrodol, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin magani, kuma a watan Indiya ta hana yin sa. A bakin masu saye da yawa duk tramol ne. Tun da aka rufe gada a ƙarshen Yulin 2023, kaya sun koma kwalekwale. A Yamai akwai LANSPEX, ɗakin gwajin ƙasa da ke auna ingancin magani, amma katin da ya tsallako ruwa cikin kwalin taliya ba ta can ya biyo ba. Mai tebur bai auna ba. Wanda ya sayar mishi bai auna ba. Lambar 225 ɗin nan, wanda ya buga ta ne kawai ya san ko gaskiya ce. Kidston ya san kimiyya, shi ya dafa da hannunsa, kuma bai san abin da ke cikin sirinjinsa ba. Johns Hopkins ma ba ta sani ba.

Da na koma gida babban hutu, na samu taubashina a bakin ruwa. Kawu ya karɓe moton, yanzu dako yake, yana sauke kaya daga kwalekwale. Muka zauna gindin wata bishiya na kwashe labarin nan duka na faɗa mishi, tun daga zomaye har fitsarin shanu. Ya yi dariya sosai a wajen shanun. Wajen mutumin da fensir kuwa ya yi shiru.

Can ya ce, "Ɗan lakkwal, to ni wane iri ne cikin kusan naku, babba ko ƙarami?"

Na ce, "Kai dai bawana ne, ko kusu ba ka kai ba."

Ya ce, "Ka ji shi. Buhu nawa ka taɓa ɗauka a rayuwarka?"

Na tambaye shi ko ya bari. Ya ce ya rage, rabi yake sha da safe, ranar da babu kaya da yawa ma ba ya sha. Ya ce ran da ya gwada bari gaba ɗaya, kwana biyu bai runtsa ba, ƙafafunsa na ta zillo kamar ana tsira musu allura, ga zawo, ga hamma. Na ce mishi wannan sananne ne, jiki ne ya saba, kuma akwai yadda likita ke rage ma mutum a hankali har ya rabu da ita. In ya yarda mu je tare wajen majon da ya yi mishi allura. Ya ce sai bayan kasuwa. Na ce ya nuna mini katin da yake sha yanzu. Ya laluba aljihu ya miƙo mini. Kore ne, ba irin na bara ba, sunan da ke jiki ma daban, lambar ce kawai ba ta canza ba. Kafin in gama karanta ƙananan rubutun, wani kwalekwale ya iso daga Malanbil, aka ƙwala mishi kira. Ya fizge katinsa ya sa a aljihu, ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa.